Yana sonta, amma magana ba ta wuce "in sha Allah" ba

Mai tambaya, Asawase, Kumasi (Ghana): Salamu alaikum iyaye da yayye. Yarinya na son yaro, shi ma yana sonta, amma har yanzu bai turo ba. Me ake dubawa, kuma yaushe?

Ma'aikaciyar jinya, Aboabo: Ƙanwata, a fara da gwajin jini na sikila tun so bai yi nisa ba. Mutanenmu sai an kai lefe suke zuwa gwaji, lokacin da ba mai iya janyewa. Kuma a lura, gwajin sikila na gaggawa S kaɗai yake nunawa, ba ya ganin C, alhali C na da yawa a arewacin Ghana. Ku nemi wanda ke fitar da haruffan jini duka: A lafiyayye ne, S da C su ne masu matsala, kuma kowa na gadon harafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato cutar sikila. AS da AC kuwa, ɗaya cikin huɗu SC, ita ma cuta ce. "Kowane ciki" na ce, ba wai yaro ɗaya cikin huɗu ba, ana iya samun uku a jere. Ku je asibitin Komfo Anokye ko wani asibitin gwamnati tare, kowa ya ga takardar ɗan'uwansa da idonsa. Hoton WhatsApp ba shaida ba ne.

Hajiya, Sawaba: 'Yata, a ba shi wa'adi. Wata shida ya isa ya turo kawunsa ko baffansa da goro. Ba kuɗi ake nema a zuwan farko ba, saboda haka "ban shirya ba" ba hujja ba ce. Sannan a aika namiji ya bincika a masallacin unguwarsu da wurin aikinsa. Kar a tambayi abokansa, bakinsu ɗaya. In mazaunin Jamus ne ko Italiya, a tambaya kai tsaye: yana da takardu? Da mata a can?

Dillalin ɗakuna, Tafo: Hajiya ta yi gaskiya, amma a yi wa yaran adalci. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta ce kar kuɗin gaba ya wuce wata shida, masu gida kuwa shekara ɗaya ko biyu suke karɓa. Mai niyya zai nuna adashinsa ko abin da ya tara a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ya faɗi unguwar da yake neman ɗaki. Wanda bai ma san farashin ciki da falo ba, bai fara ba.

Malam, Zongo: A yi istihara, amma bayan bincike, ba a madadinsa ba. In an ɗaura, dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi rajista cikin mako guda: ango, waliyyi, shaidu biyu da limami mai lasisi. Ku tambayi limamin tun kafin ranar ko yana da shi, don ba kowane ba ne.

Mai tambaya: Malam, in shi ya ƙi zuwa gwajin fa?

Ma'aikaciyar jinya: Ita ta fara yin nata. In ta fito AA, ta fuskar S da C hankali ya kwanta. In AS ko AC ce, waliyyinta ya sa gwajin cikin sharaɗi kafin a karɓi goro.