Maigida ya ce dankali ya isa, a daina sayen madara: ina neman shawara

Maman Biyu, Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani ku taimaka mini. Yarana biyu ne, babban shekararsa shida, ƙaramar uku. Tun da na yaye ta ban fasa ba su madara da safe ba, ko a shayi ko a kunu. To kun dai san inda kuɗin madara ya kai yanzu. Maigida direba ne, hanyar Jos yake bi, duk dawowa sai ya sauke mana dankalin Turawa, wani lokaci har rabin buhu. Shekaranjiya ya nuna mini wani bidiyo a waya, mutumin ciki yana cewa dankali ya fi madara amfani, wai akwai bitamin ɗin da ke cikin dankali wanda babu shi a madara. Shi ne ya ce daga wannan watan a cire madara daga cefane, tunda ga dankali nan jibge a gida. Hankalina bai kwanta ba, amma ba ni da hujjar da zan ba shi. Dankali zai iya tsayawa a madadin madara ga yara? In ba zai iya ba, me zan yi wanda ba zai fi ƙarfin aljihunsa ba?

Hajiya Babba, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam 'yata. Mu da muka taso ba mu san madarar gwangwani ba sai an yi baƙo. Fura da nono ne, kunun gyaɗa ne, ga mu nan har yau. Amma fa kula, nonon nan shi ma madara ne. Ban taɓa ganin gidan da aka raini yaro da dankali zalla ba. Ki lallaɓa shi, kada ki yi masa musu a gaban yara.

Anti Nas, Barnawa:
Maman Biyu, mai bidiyon ya faɗi gaskiya a wuri ɗaya, sai ya gina ƙarya a kai. Bitamin C ɗin da yake nufi tabbas yana cikin dankali, kusan miligiram 20 a giram 100 na ɗanye, madarar shanu kuwa kusan babu. Sinadarin fotasiyam ma dankali ya fi, wajen miligiram 420, madara wajen 150. Har ƙoshi da kuzari ya fi bayarwa: dafaffen dankali giram 100 yana da kalori kusan 87, madara mai cikakken maiƙo kusan 60, domin yawancinta ruwa ne.

Amma ai ba don bitamin C ake ba yaro madara ba. Ana ba shi ne don kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori, da furotin mai gina tsoka, da bitamin B12. A nan ne lissafin ya juye. Madara giram 100 tana da kalsiyam kusan miligiram 120, dankali kuma 12 kacal. Kofi ɗaya na madara zai ba 'yarki kusan miligiram 300. In a dankali za ta nemo wannan, sai ta cinye kilo biyu da rabi. Wace yarinya 'yar shekara uku za ta iya? A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yana buƙatar miligiram 500 a rana, ɗan 4 zuwa 6 kuma 600. Kin ga kofi guda ya riga ya ɗauke rabin nauyin.

Furotin ma haka. Kofin madara yana da wajen giram 8, dankali giram 100 yana da 2. B12 kuwa babu shi sam a dankali, sai a abin da ya fito daga dabba: nono, ƙwai, kifi, nama.

Yadda za ki faɗa wa maigida a sauƙaƙe: dankali a layin shinkafa da doya da tuwo yake. In ya kawo rabin buhu, kuɗin shinkafa da taliya ya rage muku, ba kuɗin madara ba. Wanda aka rage can sai a mayar nan.

Baban Gida, Unguwar Dosa:
Ni dai ina roƙon mata a riƙa yi wa maza adalci. Mutumin nan bai ce yaransa su kwana da yunwa ba, abinci ya ɗauko tun daga Jos ya kawo. Duk wanda ke shiga kasuwar Sheikh Gumi ko Kasuwar Bacci da kuɗin cefane ya san abin da ake ciki. Anti Nas, lissafinki na ji shi kuma na yarda. Sai dai ki faɗa mana abin da talaka zai yi, ba abin da ya kamata a yi in da hali ba.

Malamin Tarihi, Kawo:
Bari in sa baki da abin da na sani, ko da ba fannina ba ne. An taɓa yin al'ummar da ta rayu a kan abubuwan nan biyu, wato talakawan ƙasar Ayalan da ke Turai kafin 1845. Dankali ne abincinsu safe da rana da dare, har leburan gona yakan ci abin da ya haura kilo huɗu a yini. Amma da me suke korawa? Da tsalar nono, wanda aka kaɗe aka cire man, irin dai wanda Fulani ke kawo mana. Kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa: dankali ya kawo sitaci da bitamin C, nono ya kawo kalsiyam da furotin. Da cutar dankali ta faɗa gonakinsu a 1845 ta ci gaba shekaru a jere, mutum kusan miliyan ɗaya ya mutu, wasu fiye da miliyan suka yi ƙaura, da yawansu zuwa Amurka. To ko waɗanda suka fi kowa dogara da dankali a tarihi ba su yar da ƙwaryar nono ba.

Anti Nas, Barnawa:
Baban Gida, tambayarka a kan hanya take. Ba dole sai madarar gwangwani ba. Kindirmo da nono suna da kalsiyam da furotin kamar madara, kuma yaron da madara ke sa wa kumburin ciki ko gudawa yakan fi jure su, saboda tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin madarar. Sharaɗi ɗaya ne: a san hannun da aka saya. A tambaya ko an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara na iya ɗauko tarin fuka na shanu da wata cuta mai kawo zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa. Sannan wasu masu tallan suna tsinka nonon da ruwa, su ƙara garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri. Kuka ba ta cutarwa, ruwan ne abin tsoro, kuma kin biya kuɗin nono an ba ki rabi.

Ranar da babu nono, akwai ƙananan busassun kifi da ake daka su da ƙayarsu a zuba a miya, akwai riɗi, akwai zogale da miyar kuka. Furotin kuma ga wake, ga awara, ga gyaɗa, ga ƙwai ko da sau biyu ko uku ne a mako.

'Yar Zonkwa, Sabon Tasha:
Kun manta da tamba. A wajenmu da ita ake yi wa yara kunu. A cikin hatsi babu mai kalsiyam kamarta, ta haura miligiram 300 a giram 100, gero da dawa ba su ko kusa. Tunda maigidanki yana zuwa Filato, a can ma ana nomanta, ki ce ya haɗo miki da mudu biyu. Ki wanke sosai don tana da tsakuwa, ki shanya, ki haɗa da soyayyen waken soya da gyaɗa a kai inji. Kunun yakan yi duhu-duhu, yara sukan yamutsa fuska da farko, amma in kin ɗiga 'yar madara ko kindirmo a kai suna sha.

Mai Dankali, Kasuwar Kawo:
Hajiya, sana'ata ce, bari in ƙara miki ɗaya game da rabin buhun nan. Dankalin Bokkos da Mangu a sanyi ya taso, zafin Kaduna ba ya masa daɗi. Kada ki bar shi a buhun leda a jingine a tsakar gida. Zazzage shi a ƙasa a ɗaki mai duhu da iska, ki tsince masu rauni ki fara da su, don ɗaya in ya ruɓe sai ya ja na kusa da shi. Wanda rana ta taɓa har fatarsa ta yi kore, ko ya fito da tsiro, akwai guba a wurin kuma dahuwa ba ta kashe ta. In kaɗan ne ki yanke wurin da zurfi. In koren ya yi yawa ko kin ji ɗaci a baki, ki zubar, kada ki ba yara.

Uwargida, Malali:
Kuma yadda ake dafawa ma magana ce. Mu nan da an ce dankali sai a fere, a yanka siri-siri, a jiƙa a ruwa, a tsunduma a mai. Bitamin C ɗin da ake taƙama da shi yana bin ruwan jiƙon, zafi ya ƙarasa wani, kalorin kuma ya ninka har sau uku saboda mai. Ki gwada dafa shi da ɓawonsa, in ya huce ki sulluɓe, ki daka da ɗan kindirmo da dafaffen ƙwai. Ko fate da alayyafo da dakakken kifi, inda romon ba ya zuwa ko'ina sai cikin yaro. Dankalin Hausa mai jan ciki ma ki riƙa saya in kin gani, shi ne mai sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, farin ba shi da shi sosai.

Maman Biyu, Rigasa:
Allah ya saka muku da alheri, na karanta masa jawabin Anti Nas da na Malam. Ya yi dariya ya ce kilo biyu da rabi ko shi ba zai iya ba. Mun tsaya a kan za a rage madarar amma ba za a cire ba, zai kuma nemo tamba. Saura tambaya ɗaya Anti: 'yar ƙaramar leda ɗaya nake raba musu su biyu a shayi. Wannan ya wadatar?

Anti Nas, Barnawa:
Gaskiya bai wadatar ba ƙanwata, wannan shayin kawai ya canza launi. Kafin ki sami cikakken kofi ɗaya na madara sai kin dama garin da ya kai giram 30 ko ɗan fi. Ki juya ledar ki duba nauyin da aka rubuta, za ki ga abin da kowannensu ke samu. Ki kuma karanta abubuwan da aka haɗa. Wata an cire man shanun an sa man itatuwa, wannan da sauƙi don furotin da kalsiyam suna nan, ko da sun ɗan ragu. Wata kuwa garin faranta shayi ne kawai, sukari da mai, kusan babu furotin. Mai kauri mai zaƙin nan ta gwangwani ita ma kusan rabinta sukari ne.

Kuma ki fitar da ita daga shayi ki mayar kunu. Ganyen shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin da ke ƙara jini daga abinci, ga shi madara da ma ba ta da shi sosai. In abin da ke hannu ba zai ishe su biyun ba, ki fifita ƙaramar, babban ki ƙara masa wake da awara a kwanon makaranta.