Ina so in rubuta labarin Bayajidda daga bakin Bagwariya, ko akwai laifi?

Maman Ihsan:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in ɓata biro da takarda. Kowa ya san yadda ake ba da labarin: Bayajidda ya baro Bagadaza, ya yada zango a Borno, ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijin rijiyar Kusugu da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, sannan ya auri Daurama. Ni duk ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Baiwar nan ce da Daurama ta ba shi, Bagwariya, wadda ta riga uwargijiyarta haihuwa. Ita ta haifi Karɓagari kafin a haifi Bawo, kuma ta tsatsonta aka ce Banza Bakwai suka fito. An ɗauke ta an miƙa wa baƙo, ba wanda ya tambaye ta. Ina so in yi littafi cikakke, ita ce mai ba da labari. Maigidana ya ce wannan satar fasaha ce, kuma raina tarihi ne. Me kuke gani?

Malam Ɗanzazzau:

Wa alaikumus salam. Malama, ki gaishe da maigida, ki ce masa in wannan sata ce to da ita aka kafa adabinmu na boko. Magana Jari Ce da Abubakar Imam ya rubuta a shekarun 1930, da yawan labaranta daga Dare Dubu da Ɗaya suka fito, wasu daga tatsuniyoyin Jamusawa, shi kansa akun mai ba da labari asalinsa Indiya. Amma wane Bahaushe ne ya karanta ya ji baƙunta? Ya sa musu riga da hula, ya ba su bakinmu. Iliya Ɗanmaiƙarfi ma jarumin Rashawa ne Ahmadu Ingawa ya mai da namu. Ke kuwa ko aro ba ki yi ba, kayan gidanku ne kika ɗauko.

Anti Binta Kaduna:

Abin da kike shirin yi shi ake yayi a ƙasashen Turawa yanzu. A 2005 Margaret Atwood, 'yar Kanada, ta sake ba da labarin Odisiyos na Girkawa daga bakin matarsa da ya bari a gida shekara 20. Inda ya fi taɓa ni shi ne kuyangi 12 da aka rataye bayan dawowarsa. A tsohon labarin an wuce su kamar ba rai aka kashe ba, ita kuwa ta ba su murya, suna katse uwargijiyarsu suna tuhuma. Labarin bai sauya ba, amma in kika gama ba za ki ƙara kallon jarumin da idon da ba.

Sai dai ƙanwata, ga tsorona. Kar ki mai da shi littafin kishiya. Mun gaji. In Daurama ta koma muguwar uwargida mai bin bokaye, Bagwariya kuma baiwar Allah mai kuka a ƙuryar ɗaki, to ba ki yi komai ba, sunaye kawai kika sauya. Daurama mace ce mai riƙe da gari, ta gaji sarauta daga mata, kuma a hannunta mulkin ya koma na maza. Ita ma akwai abin da ta rasa. Ki bar su su zama mata biyu masu wayo, kowacce tana lissafin makomar ɗanta.

Baushe Daura:

Ni dai ban yarda a haɗa wannan da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba. Kusugu tana nan, mutane na zuwa har gobe suna shan ruwanta. Girkawa ba su bauta wa gumakan da ke cikin labarin Odisiyos yanzu, shi ya sa kowa ke juya su yadda ya ga dama. Mu kakanninmu ne. Ban ce kar ki rubuta ba, Hajiya, amma ki zo Daura ki zauna da tsofaffi tukuna, don ba ruwaya ɗaya ba ce. Kuma ki rubuta ɓaro-ɓaro a bango cewa ƙagaggen labari ne, kar ɗan sakandare ya kwashe ya zuba a jarrabawa.

Maman Ihsan:

Na gode ƙwarai. Anti Binta, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, don babin da Daurama ke kiran ta ɗaki shi ne ya fi ba ni wuya. Malam Baushe, in sha Allahu bayan Sallah zan shigo. Tsohuwa nake so a haɗa ni da ita, ba namiji ba. Akwai wadda ka sani a unguwar da rijiyar take?