Zanen matsakaicin kowace shekara a manhajar ƙididdiga ta Stata: yaya kuka yi da naku?

Aminatu, Marwa:
Assalamu alaikum. Kundin digirina na biyu a kan ƙasashe shida na CEMAC (ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Tsakiya) ne, 1990 zuwa 2020, da alkaluman Bankin Duniya. Na yi xtset (umarnin tsara bayanai bisa ƙasa da shekara), amma umarnin xtline zanen kowace ƙasa daban yake ba ni, ni kuwa layi ɗaya nake so mai nuna matsakaicin kowace shekara. Wanda ya taɓa yi ya taimaka don Allah.

Malam Sani, Garwa:
Wa alaikumus salam. Fara da preserve, sai collapse (mean) kudi, by(shekara), sai twoway line kudi shekara, ki rufe da restore. Kada ki tsallake preserve, domin collapse maye gurbin bayananki yake yi da taƙaitattu.

Habu, Njamena:
Ƙanwata, na yi irin wannan aikin. Tunda fetur ya ɗaga Ikwatoriyal Gini daga tsakiyar shekarun 1990, ita kaɗai ke jan layin kuɗin shigar mutum ɗaya sama, alhali ita ce mafi ƙarancin jama'a cikin shidan. Ni (median), wato adadin da ke tsakiyar jeri, na ƙara a collapse ɗin, na zana layukan biyu tare. Haka ma Cadi a 2004, bayan bututun fetur na Doba a Cadi zuwa Kribi a Kamaru ya fara aiki, bunƙasar tattalin arzikinta ta haura kashi 30.

Hajiya Bilki, Ngaundere:
Nawa binciken na gidaje ne a yankin Mayo-Sava da ke arewacin Kamaru. Bayan 2014 layin ya nuna kuɗin shiga na ƙaruwa, abin da duk wanda ya taka ƙauyukan nan ya san ba haka ba ne. Da na sa (count) don ƙirga gidajen kowace shekara sai ga dalili: gidajen bakin iyaka da rikicin Boko Haram ya tarwatsa, waɗanda su ne mafi talauci, sun fita daga lissafin, aka bar masu ɗan hali. Abin ya tsaya mini a rai, domin mutanen da aka yi binciken dominsu su ne suka ɓace. Aminatu, duba xtdescribe, mai nuna giɓin bayanai, kafin ki zana komai. Ni yanzu zane biyu nake yi, ɗaya na kowa, ɗaya na gidajen da aka samu kowace shekara.

Aminatu:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, zan sa (count) yanzu. Yaya Habu, faɗuwar darajar sefa ta 1994 fa, da dala ka yi lissafinka ko da sefa?