"Kowa ya tuba don wuya ba lada": shin ta hau kan mutumin labarina?

Mai Alƙalami: Assalamu alaikum. Ku raba ni gardama da ƙanwata. Ina rubuta wani labari, na kai babi na 18 na cije. Mutumin da labarin ya ginu a kansa ya yi shaidar zur a kotu a kan amininsa. Ƙanin mutumin ne ya yi laifin, mahaifiyarsu kuma tana kwance rai a hannun Allah, ta riƙe hannunsa ta ce kada ya bari a ɗaure mata auta. Aminin ya sha ɗaurin shekara 12. Duk tsawon shekarun nan mutumin nan ne ke biyan kuɗin makarantar 'yar aminin a ɓoye. Bai buɗe baki ya faɗi gaskiya ba sai ranar da likita ya ce masa ciwon nan ba na tashi ba ne. Da na karanta wa ƙanwata, cewa ta yi "kowa ya tuba don wuya ba lada", ta tashi ta bar ni da takarduna. Ni kuwa wallahi ina son mutumin nan. Karin maganar ta hau kansa?

Ɗan Gardama: Ta hau ta zauna daram. Hali zanen dutse. Wanda ya iya kallon idon amininsa a kotu ya rantse a kan ƙarya, ya kuma iya yin barci shekara 12, ba abin da ya canza a jikinsa sai dai kabari da ya hango. Tuban muzuru ne, kaza a baki.

Uwar Biyu: Kai Ɗan Gardama, ka jero guda biyu kamar mai harbin iska. Muzuru ana zarginsa ne don kazar tana bakinsa yana cewa ya tuba. Wannan wace kaza ta rage masa? Sunansa zai zube, ƙaninsa zai shiga hannu, yarinyar da ya ɗauki nauyinta za ta tsane shi. Ai ya tofar da kazar.

Ɗan Gardama: Ya tofar bayan ya cinye tsokar, Anti. Ƙashi ya tofar.

Sabon Shiga: Ku yi haƙuri da tambayata. Ni tun ina yaro na ɗauka wuyan jiki ake nufi, wato wanda ya tuba don an shaƙe masa wuya.

Malamin Aji: Ba kai kaɗai ba ne, a rubuce kalma ɗaya ce, a baki ne suke rabuwa. Wuya ta wahala mace ce, shi ya sa muke cewa wuyar aiki. Na jiki namiji ne, wuyan riga. Ta wahalar ake nufi a nan, ko da yake fassararka ma ba ta yi nisa ba, wanda aka shaƙe ai yana shan wuya. Amma ina da magana a kan "hali zanen dutse". Ku lura da lokacin da ake faɗarta. Ba a faɗa wa mutum ita ranar da ya ce ya daina. Sai an ga ya koma ruwa ake girgiza kai a ce hali zanen dutse. Hukunci ce bayan an ga aiki, ba duba ba ce. Kuma har mai kyauta ana faɗa wa, in ya talauce bai fasa bayarwa ba. To shi wannan mutumin wanne ne zanen dutsensa, ƙaryar yini ɗaya ko kuɗin makarantar shekara 12?

Ɗan Gardama: Ƙaryar ba ta yini ɗaya ba ce, Malam. Duk safiyar da ya tashi bai je ya warware ta ba, ya sake yin ta. Kuɗin makarantar kuwa toshiyar baki ce yake ba zuciyarsa.

Malamin Aji: Nan kam ka kama ni.

Dattijon Zaure: Bari tsoho ya sa baki. Karin maganar nan tana da tushe da kowa ya sani. Fir'auna sai da ruwa ya ci shi ya ce ya yi imani, aka ce masa "yanzu?", yana nan a Suratu Yunus. A Suratun Nisa'i ma an faɗa cewa ba tuba ga wanda ya ci gaba da ɓarna har mutuwa ta halarto masa sannan ya ce yanzu na tuba. Sai dai malamai sun bambanta mai rashin lafiya da wanda rai ya zo masa maƙogwaro. Mutuminki yana da hankalinsa, yana iya yin shiru ya tafi da asirinsa, ba wanda zai tone shi. Don haka ƙofa ba ta rufe masa ba. Kuma wuya ita ke farkar da yawancinmu, in aka ce duk wanda wuya ta koro ba shi da lada, masu lada kaɗan ne. Yadda na ji manya suna amfani da ita, wanda ake nufi shi ne mai tuban da zai ƙare ranar da wuyar ta ƙare.

Amma 'yata, kin haɗa abu biyu wuri guda. Akwai karɓar tuba, akwai komawa yadda ake. Wahshi shi ya kashe Sayyidina Hamza a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Daga baya ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, amma ya tambaye shi ko zai iya kawar masa da fuskarsa. An karɓe shi, ciwon kuma yana nan. Wahshi ya rayu da wannan, har ya je Yamama ya jefi Musailama, mai da'awar annabcin ƙarya, da mashi. Ku marubutan yanzu da zarar mutum ya zubar da hawaye sai ku tara kowa a gefen gadonsa ana rungume-rungume.

Mai Alƙalami: Baba, kamar ka leƙa babi na 19. Haka na tsara shi, aminin ya zo asibiti ya ce ya yafe.

Uwar Biyu: To ni a nan zan rabu da ke, ƙanwata, duk da na kare mutuminki ɗazu. Wa ya ba ki izinin yafewa a madadin wanda ya yi shekara 12 a ɗaure? Ya shiga 'yarsa tana ƙarama, ya fito ta zama budurwa ba ta san muryarsa ba. Ko a sharuɗɗan tuba, bayan nadama da dainawa da ƙudurin ba za a koma ba, in haƙƙin wani ne sai an mayar masa ko an nemi yafiyarsa. Shekara kuwa ba a mayar da ita. Abin da ya rage a hannun aminin kaɗai shi ne ya ce na yafe ko ban yafe ba, shi ma kina so ki ƙwace don mai karatu ya ji daɗi. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, ba ya tsayawa a ƙofar asibiti.

Makarancin Dare: Ni mai karatu ne kawai, amma na gaji da labaran da mugu ke wanke kansa da mutuwa. Mutuwa rangwame ce marubuci ke yi masa: ba zai zauna a kotu ba, ba zai haɗu da yarinyar a hanya ta ɗauke kai ba. Shawarata, Yaya, ki bar likitan ya yi kuskure. Ya faɗi gaskiya ga mutum ɗaya yana zaton tafiya zai yi, sai ya warke. Ga lafiya ta dawo, ga ƙaninsa na kuka yana roƙonsa ya ce zafin ciwo ne ya sa shi sambatu. In ya sa takalminsa ya tafi kotu da ƙafarsa, ƙanwarki ba ta da bakin magana. In ya janye, Ɗan Gardama ya ci gari.

Ɗan Gardama: Zai janye. Ku rubuta ku ajiye.

Dattijon Zaure: Laifi tudu ne, yaro. Kai da uwarka ta riƙe hannunka a gadon asibiti, me za ka ce wa alƙali?

Ɗan Gardama: Baba, ai ba ni ake shari'a ba.

Mai Alƙalami: Makarancin Dare, ka jawo mini aiki, babi uku zan yaga. Abin da ya tsaya mini yanzu shi ne aminin. Na gwada rubuta shi yana cewa "na yafe" har sau huɗu a daren jiya, duk ba ta zauna a bakinsa ba. A na biyar sai ya tambayi nawa ne jimillar kuɗin makarantar, wai zai biya.