Direba ya harhaɗu a Ubuntu 22.04 amma ya ƙi a Debian 12: yaya zan riƙe tushe guda?

Tambaya daga Ɗan_Sabongari:

Assalamu alaikum. Ina kula da direban wani katin sadarwa (manhajar da ke sarrafa katin) wanda ba ya cikin kanel (ginshiƙin tsarin) ɗin Linux na hukuma, tare da wata ƙaramar manhaja da ke karɓar fakitocin bayanai ta AF_XDP, wata hanyar Linux ta karɓar su da sauri. A Ubuntu 22.04, mai kanel 5.15, komai yana harhaɗuwa (compile) lafiya, amma a Debian 12, mai kanel 6.1, harhaɗa direban yana tsayawa a kan netif_napi_add, wani aikin kanel da yake kira, ita kuma manhajar ta ce ba ta ga fayil ɗin xsk.h ba. Shin ya fi dacewa in ware reshe ga kowane tsari, ko akwai yadda zan riƙe tushen lamba (source code) guda ya yi aiki a duka biyun?

Amsa daga Injiniya_Hadiza:

Wa alaikumus salam. Matsaloli biyu ne suka haɗu maka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta manhajar ita ce mai sauƙi. Lokacin da libbpf, laburaren da xsk.h yake ciki a da, ta kai siga 1.0 a shekarar 2022, an cire duk abin da ya shafi AF_XDP daga cikinta, aka mayar da shi wani laburare mai suna libxdp, shi ya sa Ubuntu 22.04 mai ɗauke da libbpf 0.5 take da xsk.h, Debian 12 kuwa sai ka girka libxdp. Ka sa tsarin harhaɗawarka ya tambayi pkg-config, mai duba laburaren da aka girka, ko akwai libxdp, in akwai ya haɗa da ita, in babu ya koma wa tsohuwar libbpf. Haka DPDK, wata manhajar sarrafa fakitoci da sauri, take yi wa direbanta na AF_XDP. Ka kuma lura cewa sunan laburaren ya sauya daga libbpf.so.0 zuwa libbpf.so.1, don haka abin da ka harhaɗa a wancan tsari ba zai tashi a wannan ba ko da ka kwafe shi.

Amsa daga Malam_Sani_K:

Ina tare da Injiniya a kan manhajar. Game da direban kuwa, a kanel 6.1 ne aka cire ma'aunin nauyi (weight) daga cikin ƙimomin da ake miƙa wa netif_napi_add, wanda yake son ƙayyade nauyin da kansa sai ya kira netif_napi_add_weight. Abin da kowa ke fara yi shi ne gwada LINUX_VERSION_CODE, wato lambar sigar kanel, kuma zai fisshe ka tsakanin Ubuntu da Debian. Sai dai ranar da wani ya kawo RHEL 9, Linux ɗin kamfanin Red Hat, dabarar za ta ba ka kunya, domin kanel ɗinsu yana nan a 5.14 a lamba, alhali suna ɗauko sauye-sauye daga sababbin kanel suna zubawa a ciki, lambar kuma ba ta motsawa. Saboda haka kada ka tambayi lambar siga, ka duba fayil ɗin netdevice.h na injin da ake harhaɗawa a kai, ko ka gwada harhaɗa ɗan guntun lamba mai kiran aikin, sannan ka tara duk irin waɗannan bambance-bambance a fayil guda, kamar yadda Intel ke yi da kcompat.h a direbobinta na waje. Rassa biyu kuwa ban ba ka shawara ba, domin duk gyaran da ka yi a ɗaya sai ka tuna ka kai ɗayan.

Amsa daga Abu_Maryam:

Shawarwarin biyu daidai ne, amma wahalar ba za ta ƙare a 6.1 ba, tunda masu kula da kanel sun daɗe da bayyana cewa ba su yi alkawarin riƙe hanyoyin cikin kanel yadda suke ba. Idan lasisin direbanka ya yarda, ka yi ƙoƙarin shigar da shi kanel na hukuma, domin a can duk wanda ya sauya wani aiki shi ke gyara direbobin da ke kiransa. Kafin nan ka rarraba shi ta DKMS, don a sake harhaɗa shi duk lokacin da aka sabunta kanel.