Ina da labarin fim, ya zan tunkari furodusa ba tare da an yi min wayo ba?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu harkar fim ku ba ni shawara. Akwai wani labari da na daɗe ina juya shi a kaina, akan wata mata da 'ya'yan mijinta suka kore ta daga gida bayan rasuwarsa ta koma sayar da abinci a tasha, rigimar gado ce dai amma akwai soyayya a ciki. Na rubuta kusan rabi a waya. Abokina ya ce zai haɗa ni da wani furodusa mai ofis a titin Gidan Zoo a Kano, to ban san me ake cewa ba in an zauna, in kwashe labarin duka in faɗa masa ne ko in ɓoye ƙarshen? Kuma tsorona kar in gama zuba ya ce "za mu neme ka" sai kawai in ga abina a YouTube da sunan wani.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena abu na farko, lokacin da kake ba furodusa labari shi ba sauraron daɗinsa yake ba, lissafi yake a zuci. Kana cewa tasha shi ya riga ya hango wahalar, sai an nemi izinin 'yan yuniyan, ga ƙarar motoci da 'yan kamasho suna kiran fasinja mai ɗaukar sauti na ta kuka, ga yara sun yi cincirindo kowa na leƙen kyamara, fitowa ɗaya sai ta cinye rabin yini kuma kuɗin hayar kayan aiki da abincin ma'aikata na tafiya. Ba na ce ka cire tashar ba, ita ce ma gishirin labarin, amma ka je da amsa, misali rumfar abincin a haɗa ta a wani lungu mai shiru, tashar kuma a ɗauke ta a rana ɗaya a riƙa sakawa.

Sannan kasuwar ta canza. Da can zamanin kaset da CD fim na 1 da na 2 ake yi a kai Ƙofar Wambai 'yan kasuwa su saya, furodusa ya san inda kuɗinsa zai fito. Wannan ya mutu, yanzu masu dogon zango ake yi, ko a YouTube ko a tasha irin Arewa24 da ta fara a 2014. To tambayar da zai maka ita ce labarin nan zai kai kashi 13? Zai ba da zango na biyu? Kowane kashi a ina zai tsaya da zai sa mutum ya sayi data sati mai zuwa? In ba ka da amsar waɗannan kada ma ka ɓata kuɗin adaidaita.

Ka je da takarda shafi ɗaya, wace ce matar, me take so, wa ya tare mata hanya. Ka lissafa jarumai nawa, lokeshan nawa. Minti biyar ya ishe ka, domin wayarsa ba za ta daina ƙara ba.

Maman Hanif:
Ni marubuciya ce, ta fannin tsoron satar zan yi magana. Ɗan uwa doka ba ta kare tunanin da ke kanka, abin da ka rubuta shi take karewa, haka yake a dokar haƙƙin mallaka ta 2022. "Matar da aka cuta a rabon gado" ba naka ba ne, kowa na iya yi, amma sikirif ɗinka da fitowa-fitowa da maganganun da ka tsara naka ne. Shi ya sa zuwa da rabin labari a waya shi ne haɗarin ma. Ka kammala akalla kashi na farko da taƙaitaccen bayanin sauran, ka tura ta imel saboda kwanan wata ya zauna, in da hali ka yi rajista da hukumar kare haƙƙin mallaka ta Najeriya, wato NCC. Kuma ka tafi da abokin nan naka ya zauna a wajen.

Ɓoye ƙarshe kuwa kar ka fara, ba ɗan kallo ba ne, mai zuba kuɗi ne, ba wanda ke sayen akuya a cikin buhu.

In ya ce yana so, nan ne aikin yake. A rubuta nawa ne kowane kashi, yaushe za a biya, kuma me za a sa a allo, domin "labari" daban "tsara labari" daban, wani zai karɓi naka ya ba marubucinsa ya gyara sunanka ya ɓace. Ni an taɓa ce min "ai mun zama ɗaya Hajiya, meye na takarda", wlh har yau cikon kuɗina bai fito ba.

Abu Sadik:
Ƙarin bayani kaɗan, tunda gado ka taɓo ka zauna da malami ya duba maka. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take da shi, ɗaya bisa takwas, in su biyu ne ko uku su raba wannan ɗin. Ka yi kuskure a nan 'yan kwament za su cinye ku ɗanye, ga Hukumar Tace Fina-finai ta Kano da ke nan tun 2001 sai fim ya bi ta hannunta. Furodusa in ya ga ka riga ka tace wannan zai ɗauke ka da muhimmanci.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Yaya Baban Ummi to in ya tambaye ni nawa zan sayar fa, ni zan fara yanka farashi ko shi?

Baban Ummi:
Bar shi ya fara. Amma kafin ranar ka tambayi marubuta biyu ko uku da ke cikin harkar nawa ake biyan sabon shiga a kashi ɗaya yanzu, kuma ka ce a ba ka rabi kafin ka miƙa sauran rubutun.