Yawon duniya ko buɗe ido? Cacar bakin da ta tashi a zauren 'yan Garwa ta Kamaru

Baban Hajara: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake. Jiya wajen yanke sadakin 'yar ƙanena na buɗe baki zan sa nawa, sai baffanmu ya ce, a gaban surukai fa, wai wanda bai aza bulo ko ɗaya a Garwa ba ba shi da ta cewa. Ni! Ina ɗan shekara 19 na bar gida, ƙarshen 1993, da jakar goyo irin wadda muke gani a bayan Turawan da ke zuwa Rumsiki da Waza. Cikinta riga biyu, bargo, buta, sai ƙullin dakuwar da Inna ta cusa min tana kuka. Wata uku na ce zan yi, sai ga ni na shekara shida. Kusiri, Injamena, Abeshe. Ina Abeshe aka karya darajar sefa a Janairun 1994, na kwanta da guzurin da zai kai ni Hartum, na wayi gari da rabinsa. Ban juyo ba. Na bi Adre da Junaina a saman buhunan babbar mota, na yi wanke-wanke a gidan abinci a Omdurman, na shiga jirgin ruwa daga Wadi Halfa zuwa Aswan. Har gobe ƙafata ba ta zauna ba. Duk wannan yawon duniya da na sha, a ce ban isa in yi magana kan 'yar da ta tashi a hannuna ba?

Malam na Kusiri: Wa alaikumus salam. Baban Hajara, ai da bakinka ka ce "yawon duniya". Ka yanke wa kanka hukunci ke nan. A Hausar da muka tashi da ita, in an ce wane ya shiga yawon duniya, ba yabonsa ake yi ba.

Maman Ummi: Balle mace. A ce wance ta tafi yawon duniya, ai an gama da ita da zuriyarta. Yaya, don Allah sauya kalmar, akwai yara a zauren nan.

Ɗan Marwa: Ku yi masa uzuri, yawon buɗe ido yake nufi.

Direban Ngaundare: Wane buɗe ido? Wannan Hausar rediyo ce. Mai buɗe ido da kuɗinsa yake zuwa, ya ɗauki hoton giwa a Waza, ya kwana a otal, ya hau jirgi. Wanda ya wanke tukwane a Omdurman ɗan ci-rani ne, a kira abu da sunansa.

Ɗan Marwa: Kai direba, ɗan ci-rani ana yayyafin farko yake tattara nasa ya nasa ya koma gona. Shekara shida wane irin rani ne?

Malam na Kusiri: Magana tana wajen niyya. Hanyar nan da ya lissafa, Abeshe, Adre, Junaina, ita kakanninmu suka taka da ƙafa zuwa Makka. Wani ya shekara bakwai a hanya, yana noman ƙodago yana gaba. Wasu ba su ƙarasa ba, jikokinsu na nan a Mai Wurno kusa da Sannar, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, har yau Hausa da Fillanci suke yi. Ba wanda ya taɓa ce musu 'yan yawon duniya, don sun san inda suka dosa. Kai da ka ɗauki jaka, ina ka dosa?

Baban Hajara: Allah gafarta Malam, na kwana tara a Mai Wurno, na ci tuwo da miyar kuka a can. Amma ba wannan na kawo ba. Maganar Baffa nake yi.

Ɗalibar Yawunde: Kawu, ni ina bayanka. Ibn Battuta ya bar Tanja a 1325, ya yi kusan shekara talatin yana yawo, yau ana karanta shi a jami'a. Baturen nan Barth ya zo Yola a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, ana ce masa mai bincike. Bature ya goya jaka a ce jarumi, namu ya goya a ce ɗan iska.

Malam na Kusiri: 'Yata, Ibn Battuta da niyyar hajji ya fita, kuma alƙali ne. Barth kuwa gwamnatin Ingila ce ta turo shi da guzuri, kuma ko a Yola Lamiɗo bai bar shi ya yi ɗumin wuri ba. Sannan "ɗan iska" ke kika faɗa, ba ni ba.

Maman Ummi: Ke yarinya, kawun naki kike kira haka? Bokon ke nan?

Ɗalibar Yawunde: Inna, misali na bayar!

Direban Ngaundare: Ni dai abin da ke ba ni dariya, mutumin Kusiri ne zai koya mana Hausa. Ku da rabin maganarku Larabcin Chadi ne, kun haye gadar Ngeli da safe kun dawo da yamma.

Malam na Kusiri: Gara mu. Ku a Garwa in an cire Fillanci da Faransanci daga bakinku, me ya rage? "Sannu" kaɗai.

Ɗan Marwa: Wannan kuma gaskiya ce, hhhh.

Autan Garwa: Kai ɗan Marwa rufe baki, ku da har ƙwai kuke saya da Fillanci. Ni tambaya ɗaya gare ni. Yaya, ka ce ka zauna a Masar. Ran da ƙungiyarmu Coton Sport ta buga wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka da Al Ahly ta Masar a 2008, aka ci mu 2 da nema a Alƙahira, aka tashi 2 da 2 a nan gida, wa ka goya wa baya? An ce an gan ka da jar riga irin ta Al Ahly.

Baban Hajara: Wa ya gan ni? Rigar kyauta ce.

Autan Garwa: Jama'a kun ji. Baffa ya yi daidai.

Direban Ngaundare: Ma tukuna, ina shaida? Ni ma zan iya cewa na je Sin. Ɗauko fasfo mu ga hatimi.

Baban Hajara: Tsohon gara ta cinye shi a akwatin Inna. Amma ina da hoto a gaban dala.

Ɗan Marwa: Dalar Masar ko Dalar Kano?

Maman Ummi: Ni fa har yanzu ba a goge kalmar nan ba.

Ɗalibar Yawunde: A Nijeriya ma ana cewa "ya zaga duniya", ba wanda ke jin haushi.

Malam na Kusiri: Zaga daban, yawo daban. Ki tambayi manya.

Baban Hajara: Saƙo ya fi ɗari, ba wanda ya ce Baffa ya kyauta ko bai kyauta ba, in ban da Auta, shi ma don ƙwallo.

Alhaji Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa haka, dare ya yi. Na karanta komai, ga abin da aka tsayar. Mafi yawanku kun yarda cewa tafiyar da ba haja a cikinta ba kuma Ka'aba a gabanta, yawo ce kawai. Ni shekara 25 ina bin jirgin dare daga Ngaundare zuwa Yawunde, in wuce Duwala, ban taɓa dawowa hannu rabbana ba, kuma gidana na nan kowa ya sani. An kuma tabbatar Hausar Garwa ta fi ta Kusiri. Baban Hajara ɗan uwana ne, ina ba shi shawara ya je ya ba Baffa haƙuri. Ɗaliba ta nemi gafarar kawunta.

Ɗalibar Yawunde: Baba Alhaji, yaushe aka tsayar da wannan? Wa ya ƙirga?

Malam na Kusiri: Batun Hausar Garwa ban sa hannu ba.

Alhaji Shugaban Zaure: Na rufe. Masu son atamfa da shadda, kaya sun iso daga Duwala jiya, a same ni a shago bayan Azahar.